Gaiwa, kifin da ke yin rani a cikin ƙasa

A ƙasar Matameye, idan watan Maris ya kama, ƙananan tabkunan kwarin Korama kan ƙafe, taɓonsu ya tsattsage, sai ka rantse babu mai rai a wurin. Amma mai haƙar laka don yin tubali yakan ɗago dunƙule, ya fasa, ya tarar da wata halitta a naɗe cikin busasshiyar fata mai ruwan ƙasa, wutsiyarta ta rufe kanta. Gaiwa ce, kuma da ranta.

Siffarta kaɗai ta isa abin kallo. Doguwa ce mai santsi, takan kai kusan mita 1, ga ƙananan idanu. Inda sauran kifaye ke da fuka-fukan iyo, ita wasu siraran zaruruwa huɗu gare ta, biyu gaba biyu baya. A 2011 masu bincike a Jami'ar Cikago ta Amurka sun nuna cewa da na bayan nan take tura jikinta a ƙasan ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taku. A bakinta kuwa wasu faifan haƙora ne masu ƙarfi da take murƙushe dodon koɗi da su, shi ya sa masunta ba sa wasa da cizonta.

Babban sirrinta huhu ne. Karfasa daga cikin ruwa take samun iska ta tsagar da ke gefen kanta. Gaiwa tana da wannan tsaga, amma ba ta wadatar da ita, dole ta riƙa ɗagowa sama tana shaƙa. Idan ta maƙale a raga a ƙasan ruwa ta daɗe, mutuwa za ta yi, kifi ya nutse a ruwa ke nan.

To, yaya take yi idan ruwa ya janye? Tun taɓo na da laushi take fara haƙa, kuma da baki take yi: ta ciji laka, ta fitar da ita ta tsagar gefen kai, ta ƙara nitsawa. Idan ta yi zurfin da ya ishe ta sai ta lanƙwashe, bakinta na kallon hanyar da ta shigo. Daga nan fatarta ke fitar da yauƙi mai yawa, ya bushe ya zame mata kube, ba a bar komai ba sai ƴar kafa daidai baki, wadda iska ke bi daga sama. Kuben nan shi ke hana ruwan jikinta ƙafewa.

Sai jiki ya rage aiki. Bugun zuciya ya yi ƙasa, numfashi ya yi jefi-jefi, ci da sha su tsaya. A nan wata matsala ke tasowa. Kifi a ruwa yana zubar da dattin jikinsa ne a matsayin amoniya, ruwa ya tafi da ita, amma a cikin kube babu inda za ta je, kuma guba ce. Don haka hantar gaiwa ke juya ta zuwa yuriya, sinadarin nan da manoman rake suka sani a buhun taki, ta tara shi a jiki har damina.

Abinci fa? Mutanenmu sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, har ana misali da ita ga wanda haushi ke cinyewa. Ni dai ina ganin wanda ya fara faɗin haka ya lura sosai, domin a watannin nan da tsokar jikinta take rayuwa, tana narkar da ita kaɗan-kaɗan daga ciki. Shi ya sa wadda aka tono a ƙarshen rani ke fitowa a rame. Abin da aka saba shi ne ta yi rani ɗaya a haka, amma a ɗakin gwaji an ga wadda ta wuce shekara 3.

Masana sun jima suna mamakinta. A 1839 wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, ya bayyana ta daga samfurin da aka kawo daga Kogin Gambiya, kuma sunanta na kimiyya Protopterus annectens. Danginta sun kai shekara miliyan 400 a duniya, yau saura iri 6: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. A cikin kifayen da ke raye, su ne mafi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu.

Abin da ke damuna shi ne dabararta duka ta dogara ga taɓo. Tabkin da rairayi ya cike, ko wanda aka tone kaf da rani, ba ya barin iri.

Inda aka bar ta kuwa, ruwan Yuni ko Yuli na sauka, kube ya jiƙa ya yi laushi, sai ta motsa, ta fito, ta zubar da yuriyar da ta tara, ta shiga neman abinci. Ba da jimawa ba ake yin gurbi cikin ciyawar bakin tabki, macen ta zuba ƙwai, namijin ya tsaya gadi yana kaɗa wutsiya don ruwan ya riƙa juyawa, har ƴaƴan su ƙyanƙyashe da wasu ƴan tuntaye a gefen kai kamar na talibambam.