Mai Sauƙin Kai da Gagara-Rabo: 720,720 da 999,983

Idan aka ajiye wa mutum Naira 720,720 a dama, Naira 999,983 a hagu, aka ce ya zaɓa, kowa ya san inda hannunsa zai nufa. Masanin lissafi kuwa ba yawa yake fara dubawa ba. Halin lamba yake bi, wato yadda take yi idan aka zo rabo.

Ita 720,720 sauƙin kai gare ta. Ko mutum 2 ne, ko 7, ko 13, kai, kowane adadi daga 1 zuwa 16, kowa zai tashi da kasonsa cif-cif, ba ragowa, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke iya haka. Sai an kai 17 take cijewa, ta bar 5. Sirrin yana cikin gininta: 720 ce aka ninka sau 1,001, ita kuma 1,001 daga ninka 7 da 11 da 13 ta fito. Lambobi 240 ne ke raba ta daidai, kuma ƙasa da miliyan babu wadda ta fi ta yawan masu rabawa. Irin waɗannan lambobi ne Ramanujan, masanin lissafin Indiya, ya yi dogon rubutu a kansu a 1915.

Malaman gado sun daɗe da sanin amfanin wannan hali. Don a fitar da sumuni da sudusi da sulusi biyu ba tare da gutsure ba ne suke kafa mas'ala a kan 24.

Ita kuwa 999,983 gagara-rabo ce. Babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. A gwada ta da 'yan'uwanta gagara-rabo 168 da ke ƙasa da 1,000, kowacce sai ta bar ragowa. Cikin gagara-rabo 78,498 da ke ƙasa da miliyan, ita ce babba. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) masanin lissafi Yuklid ya tabbatar cewa danginta ba su da iyaka.

Mai rabo zai ce taurin kanta ba shi da rana. Amma a 1977 wasu masana uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka mai da wannan tauri kwaɗo. Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba kwamfuta sakamakon a ce ta gano iyayensa, nan gizo ke saƙa. Da wannan dabara ake kulle bayanan banki a intanet, sai dai lambobin da ake amfani da su suna da ɗaruruwan alƙaluma, 999,983 jaririya ce a gabansu.

To wace ce ta fi? Ranar da magada suka zauna gaban malam, 720,720 ake so, don a tashi ba rigima. Ranar da kuɗin suka shiga asusu, ɓarawo yana laluben ƙofa, dangin 999,983 ne ke gadi.