KOWANE TAKE DA MAI SHI: Yadda Mai Koyon Algaita A Keffi Ke Zaɓen Abin Da Zai Busa

Duk mutumin Arewa da ya daɗe a Ikko ko Ibadan ko Shagamu ya san yadda jikinsa kan yi in ya jiyo algaita daga nesa ran Salla. Sai ya tsaya cik, ya kasa kunne, ko zai gane taken wane ne ake busawa. To, wannan ganewa ita ce tushen sana'ar baki ɗaya. Mabushi magana ya ke yi da algaitarsa, kuma kowace magana da mai ita. Saboda haka yaron da ya ɗauki algaita a gari irin Keffi, kafin ya yi suna sai ya warware matsaloli uku: wane take zai fara koya, wane zai biyo baya, wane ne kuma ba shi da izinin taɓawa.

Keffi dai gari ne mai sarauta tun wajen 1802, sa'ad da Abdu Zanga, wani Bafillace daga ƙasar Katsina, ya kafa shi. Sunan ma daga kafi aka samo shi, watau shingen itatuwan da aka kewaye garin da shi. A wancan zamani Zazzau ya ke bi, can ya ke kai gaisuwa. A nan ne kuma Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya nufi Kano wurin Sarki Alu, abin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na cin Kano a 1903. Garin da ya ga irin waɗannan al'amura ba ya rasa tarin take da kirari. Ma'ajiyarsu kuwa ita ce kawunan mabusa da makaɗa.

MENE NE TAKE?

Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kowace gaɓa tana da muryarta, ko sama, ko ƙasa, ko mai faɗowa. Take shi ne a ɗauki kirarin mutum, a bi hawa da saukar kalmominsa da ganga ko abin busa, har wanda ya san kirarin ya ji kamar da baki aka faɗa. Algaita 'yan ƙofofi ne da ita waɗanda ake toshewa da yatsu, amma sun isa su bi muryar ɗan Adam. Mabushi kan cika kumatunsa da iska, yana shaƙa ta hanci yana hurawa, don kada sautin ya yanke.

Wannan ya sa ba a fara koyo daga yatsu. Daga kunne ake farawa. Galibi sana'ar gado ce, yaro yana bin ubansa ko maigidansa, yana riƙe masa kaya, yana jin kirarin da maroƙi ke yi a gefe, har kalmomin su zauna masa. Wanda ya haddace sauti bai san kalmomin ba, ran da ya kuskure gaɓa guda ba zai san ya ɓata maganar ba, alhali dattawan da ke zaune sun ji.

ABIN DA AKE FARA KOYA

Ga yaron da gidansu ke bin fada, zaɓen farko an riga an yi masa shi, watau taken sarki mai ci. Shi ne wanda za a fi bukata, a hawan Salla, da fita masallacin Jumma'a, da tarbar baƙi. A Zazzau da wasu fadoji akwai ma sara, watau kiɗa da busa da ake yi a ƙofar fada daren Jumma'a, kuma babu makarantar da ta fi wannan ga mai koyo. Daga nan sai taken hakimai da sauran masu sarauta, ɗaya bayan ɗaya, bisa ga darajarsu. Nan ne hankali ke aiki, domin busa wa ƙaramin basarake taken wanda ya fi shi rashin ladabi ne ga su duka biyu. Akwai kuma kayan da ba a wasa da su: kakaki da tambari na sarki ne, attajiri kome dukiyarsa ba su ne nasa ba.

Haka abin ya ke ko a wajen fada. Kalangu an san shi da mahauta da 'yan dambe, dundufa da maƙera, gangar noma da manoma, garaya kuwa da maharba da 'yan bori. Wanda ya zaɓi take, ya zaɓi ubangida ke nan, ya kuma zaɓi ƙofar da abincinsa zai fito.

Kashi na ƙarshe shi ne mai wuya, watau taken sarakunan da suka shuɗe. Ba kullum ake busa su ba, kuma mai su ba ya nan balle ya ba da riga. Sarkin Keffi Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu ya yi shekara 37 bisa gado, daga 1978 zuwa 2015, sa'an nan ɗansa Shehu Chindo Yamusa na Uku ya gaje shi. Duk sa'ad da aka yi irin wannan sauyi, sai sabon take ya shiga gaba, na da ya koma cikin na tarihi. In ba a sami yaron da ya ga dacewar riƙe su ba, ran da tsohon mabushi ya kwanta dama sai a binne shi da su.

INDA KUƊI SU KE

Ba laifin yara ba ne in sun karkata wani wajen. A da sarki kan ɗauki nauyin makaɗansa, ya ba su riga da hatsi, wani lokaci har doki. Yanzu kuwa samu ya fi yawa a wurin biki da taron siyasa, kuma tun daga shekarun 1990 waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa suka cika kunnuwan matasa. Keffi ga ta kusa da Abuja, ga jami'ar Jihar Nasarawa a cikinta, kowane irin kiɗa yana shigowa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Amma akwai darasi a rayuwar mutum biyu. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan makaɗin fada ne a Bukuru. Da ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya, sai ya zaɓi ya yi wa karen mota da ma'aurata da sauran talakawa waƙa, kuma wannan zaɓe shi ya ɗaukaka shi. A nan Kudu kuwa akwai marigayi I. K. Dairo, wanda ya shigo da akodiyan cikin kiɗan juju. Akodiyan 'yar akwati ce mai zugazugi da maɓallai, 'yar'uwar konsatina ta Turawa. Kayan baƙo ne, amma sautin Yarabawa ya zuba a ciki, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1963. Dukansu biyu sun san mutanen da za su yi wa kiɗa tun kafin su zaɓi abin da za su kaɗa.

Nan ne maganar ta zo kan mazauna Kudu. Mabusa da makaɗa daga gida sukan zo Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, ko don naɗin Sarkin Hausawa, ko don bikin wani falke. Yaron da ke riƙe da jakar maigidansa yana kallon abin da ake yi wa kari. In ya ga sabuwar waƙar rawa kaɗai ke jawo kuɗi, ita zai koya. In kuwa ya ga dattijo ya miƙe ya nemi a busa masa taken tsohon sarkin garinsu, ya sa hannu a aljihu, to, wannan take ya sami mai riƙe shi na wasu shekaru arba'in. Mai wayar hannu ma yana iya ɗaukar sautin, ya tambayi kalmomin, ya ajiye wa 'ya'yansa da aka haifa a Ikko.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya kuma ba mabusa magada.