Shekarar da Ƙanƙarar Girinlan Ta Ƙara Tsawo Alhali Tana Narkewa

A watan Yulin 2012 wata iska mai ɗumi ta lulluɓe tsibirin Girinlan. Hukumar NASA ta Amurka ta ruwaito cewa ranar 8 ga wata kusan kashi 40 cikin ɗari na saman ƙanƙarar tsibirin ne ke narkewa, amma kafin ranar 12 abin ya kai kashi 97. Har tashar Summit da ke ƙololuwar tudun ƙanƙarar ta jiƙe, wurin da rabonsa da irin wannan narkewa tun 1889.

Kowa zai yi tsammanin tudun ya ragu. Sai ga tauraron ɗan adam na CryoSat-2, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a 2010 musamman don auna ƙanƙara, ya kawo labari akasin haka. A tsakiyar arewacin tsibirin, awonsa ya nuna saman ƙanƙarar ya ɗaga da kusan santimita 56. Ta yaya abin da ke narkewa zai ƙara tsawo?

Ba ƙaramar tambaya ba ce. Faɗin wannan ƙanƙara ya kusa ninka Najeriya sau biyu, kuma da za ta narke duka, teku zai cika da kusan mita 7. Kuskuren rabin mita a fili irin wannan zai rikita lissafin ruwan da ke kwarara cikin teku.

Wanda za a fara zargi shi ne sabuwar dusar ƙanƙara. To amma tsakiyar Girinlan wuri ne busasshe, dusar da ke sauka a can kaɗan ce, ba ta tara rabin mita cikin 'yan kwanaki, balle a tsakiyar zafi. Na biyu ƙasar da ke ƙarƙashi. Gaskiya ne tana ɗagowa yayin da nauyi ke raguwa a kanta, sai dai a hankali take yi, milimitoci ko 'yan santimitoci a shekara. Na uku, ko dai ƙanƙarar ta ƙaru da gaske? Taurarin GRACE, waɗanda ke auna nauyi ta hanyar jan ƙasa, sun kore wannan zato: a 2012 Girinlan ta yi asarar da ba su taɓa ganin irinta ba tun harba su a 2002.

Saura kenan a koma ga mai awon da kansa. CryoSat-2 na shawagi sama da kilomita 700 daga ƙasa, yana aiko da siginar rada, ya ƙirga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Daga nan ake fitar da tsawon wurin. Johan Nilsson da abokan aikinsa, a binciken da suka wallafa a 2015, ba su tsaya ga adadin tsawon ba, sai suka duba siffar amsa-kuwwar da ke dawowa. Kafin Yuli tana dawowa a baje, kamar daga zurfafa daban-daban. Bayan Yuli ta koma mai kaifi, kamar ta bugi abu guda mai tauri. Na'ura lafiyarta ƙalau, abin da take bugowa ne ya canja.

Mene ne shi? Amsar tana ƙasa, a sansanin NEEM da ke arewa maso yammacin tsibirin, inda masana suka haƙi tsohuwar ƙanƙara. Mutanen sansanin sun ga narkewar da idonsu, kuma an haƙa ramuka cikin dusar don duba jikinta. A bangon ramin, tsakanin dusa mai laushi, ga shimfiɗar daskararriyar ƙanƙara kusa da sama. Ruwan da ya narke ne ya tsiyaya ƙasa kaɗan, sanyi ya kama shi ya sandare.

Nan asiri ya tonu. Siginar rada ba ta tsayawa a saman busasshiyar dusa, tana nutsewa ciki kafin ta dawo, kamar mai auna tabo da sanda, wanda sai ta taɓa ƙasa mai tauri take tsayawa. Tun farko tauraron yana ganin wani wuri ne da ke ƙasa da ainihin saman. Da sabuwar shimfiɗar ta samu, sai ta tare siginar tun daga sama, lokacin dawowa ya gajarta, lissafi ya ce tudu ya ɗaga. Tudun bai ɗaga ba.

Masana sun ɗauki darasi. An gyara hanyar karanta amsa-kuwwar domin a fi dogara da farkon dawowarta, wanda ya fi kusa da saman gaskiya. Ana kuma gwada awon rada da na hasken leza, wanda kusan ba ya shiga dusa. Jiragen sama na shirin IceBridge sun yi awo da leza daga 2009, sannan a 2018 aka harba tauraron ICESat-2 mai amfani da leza. Shi ma ba a yarda da shi haka kawai ba. A Antaktika, ayarin masanan NASA ya riƙa tafiyar ɗaruruwan kilomita kusa da ƙurewar kudancin duniya, suna jan na'urar GPS a bayan motocin ƙanƙara, suna auna wuraren da tauraron ke bi ta kansu. Bambancin da aka samu 'yan santimitoci ne ƙalilan. Daga 2020 kuma an daidaita tafiyar CryoSat-2 da ta ICESat-2 domin su riƙa auna wuri guda kusan lokaci guda.

Saboda haka mai karatu, idan ka ji an ce ƙanƙarar Girinlan tana raguwa, ka sani cewa maganar ta sha tantancewa daga sama da ƙasa. Masu haƙa rami cikin sanyi da masu jan GPS a kan dusa su ne suka sa awon tauraro ya zama abin dogaro, kuma aikinsu ya cancanci a ci gaba da tallafa masa.