Injin Ƙanƙarar Sabon Firji: A Haɗa ko a Cire?

Idan aka sauke sabon firji mai ƙofa biyu aka yaye kwalinsa, akwai abin da mai saye ba ya lura da shi sai an jingina shi da bango: wani siririn bututu a baya, kaurinsa rubu'in inci, yana jiran ruwa. Shi ne ke shayar da ɗan injin da ke maƙale a cikin firiza, wanda ke haɗa ƙanƙara da kansa. Uwargida na so a haɗa saboda azumi, maigida na lissafin kuɗin mai gyaran famfo. Ni kuwa ina ganin gidan ya kamata a fara tambaya, ba firjin ba.

Kamfanin Servel na Amurka ne ya fito da firjin gida mai irin wannan inji a 1953, kuma don gidajen can aka ƙera shi, inda ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi, wuta kuma ba ta ƙyaftawa. Aikinsa abin sha'awa ne. Bawul ya buɗe na 'yan daƙiƙu, ruwa ya cika faranti mai ramuka. Da ya daskare, sai wata ƙaramar hita ta ɗumama gindin farantin har ƙanƙarar ta saki, 'yan yatsun roba su juyo su turo ta cikin kwando. Kwandon na cika, ƙanƙarar ta tokare wani siririn ƙarfe, inji ya tsaya.

Wannan hitar ita ce inda gizo ke saƙa: wuta ce ake kunnawa a cikin ɗakin da ake wahalar sanyayawa. A 2011 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta gwada irin waɗannan injuna, ta gano suna ƙara wa firji cin wuta da kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin daga hitar yake. Mai sola da batir ya san nauyin wannan lissafi.

Batun ruwa ya fi damuna. Yawancin injunan nan na buƙatar matsin ruwa na aƙalla psi 20, wato kamar tanki ya ɗara firjin da mita 14. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe a tsakar gida da wuya ya kai rabin haka. Idan matsin bai kai ba, sai ka ga ƙanƙarar ta fito ƙanana, cikinta holoƙo, ko bawul ya kasa rufewa sosai ya riƙa ɗiga har bakin bututun ya daskare ya toshe. Ga ruwan burtsatse mai laka, ga matatar da ake so a sauya duk wata shida.

Na ga abin da ɗauke wuta ke yi a gidan ƙanwata a Kano. An wuni babu wuta, ƙanƙarar kwando ta fara narkewa. Da wuta ta dawo cikin dare, sai ta haɗe ta zama curi guda kamar dutse. Da safe ta zauna da muciya da ruwan ɗumi tana ɓamɓara, ranta a ɓace, firjin ko wata biyu bai yi ba.

Wanda ke da wuta tsayayya da famfon da injin tura ruwa ke ƙarfafawa, ya haɗa, zai ji daɗinsa. Wanda ba shi da su, kada ya yi gaggawar kiran mai gyara ya kwance injin, domin kwancewa na iya taɓa garanti. Ya ɗaga siririn ƙarfen nan sama ko ya kashe maɓallin injin, ya bar bututun ba ruwa. Firjin zai yi aikinsa daram. Kwandon ne ke cinye wuri, shi kuma zaro shi ake yi da hannu. A gurbinsa ƙanwata ta jera gorunan ruwa, ba ta cika su fal saboda ruwa na kumbura idan ya daskare. Su ke riƙe mata sanyin nama idan an ɗauke wuta, su kuma take fito da su gab da shan ruwa.