Yadda Mai Hoto Ya Zama Jigon Bikin Aure a Kano

Shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, mai hoto a bikin Kano ɗan gefe ne. Yakan zo da kyamara rataye a wuya, da fim mai cin hoto 36, ya tsaya a zaure sai an kira shi. Da yake kowace ɗauka kuɗi ce, ba ya dannawa sai an jeru, amarya a tsakiya, ƙawaye sun kewaye ta. Bayan kwana biyu ya kawo abin da ya wanke, kowacce ta zaɓi nata ta biya. Yau akwai gidajen da ake kama mai hoto tun kafin a kama ɗakin taro, har da shi ake shawarar lokacin kamu da na dina.

Waya ce ta fara juya al'amarin. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp da Instagram suka zauna a tafin hannun kowa. Albam da a da ake ciro wa baƙo daga durowa ya koma abin da dubban mutane ke gani tun amarya ba ta tare ba. Kyamarar zamani kuma ta kawar da kuɗin fim, ana iya ɗaukar hoto dubu a yini guda. Sannan biki ya tashi daga tsakar gida ya koma ɗakin taro, da ado da anko da mai kwalliya. Wanda ya kashe wannan dukiya yana son abin da zai nuna gobe.

Alherin abin a fili yake. Matasa da yawa da suka gama karatu ba aiki sun sami sana'a, kuma kowane mai hoto yana tafe da mai riƙe fitila da mai bidiyo da mai gyara a kwamfuta. Iyalai ma sun amfana, domin sau da yawa hoton biki ne kaɗai ke rage wa jikoki fuskar kakarsu.

Sai dai akwai tsada. Kyamara da gilasanta da fitilu duk daga waje ake shigo da su. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma, ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai hoto ya ɗora wannan a kan ango, wanda lefe da kuɗin haya suka riga suka danne.

Abin da ya dame ni fiye da tsada shi ne yadda biki ya fara bin umarnin kyamara. Na halarci wani kamu inda gwaggon ango ta ɗage mayafin amarya ta fesa mata turare, hawaye na zubo wa yarinyar, sai mai hoto ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri a sake, haske bai yi ba." Dattijuwar ta sake. Hoton ya fito da kyau, amma hawayen nan na farko babu su a ciki, kuma saboda su aka taru.

Akwai kuma batun sirri. Mai hoto yana shiga inda ko yayan amarya ba ya shiga, wajen sa lalle da ɗakin kwalliya. Wasu sukan ɗora hotunan matan mutane a shafukansu don talla ba tare da izini ba. Hoton kafin aure, wanda malamai suka daɗe suna ja da shi, ya ƙara wa wannan rauni gishiri: idan auren ya fasa, hoton yana nan yana yawo, kuma yarinya ce ta fi ɗaukar nauyinsa. Ga gyaran da ke sa baƙar amarya ta koma fara, har uwarta ta tsaya tana tantama. Ga masu karɓar kafin alƙalami sau biyu a rana ɗaya su turo yaronsu, ko a shekara ana bin albam.

Saboda haka yawan mabiya a Instagram ba ma'auni ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mai neman mai hoto ya ce a nuna masa biki guda daga farko har ƙarshe, domin hotuna goma da aka tsince ba sa nuna aikin mutum. Ya tambayi gidajen da aka yi wa aiki a unguwa. A rubuta yarjejeniya: wa zai zo da kansa, yaushe za a miƙa hotuna, kuma ba a ɗora ko ɗaya a intanet sai ango da amarya sun amince. Shagulgulan cikin gida kuwa a nemo musu mace mai hoto, ga su nan suna ƙaruwa.

Wanda aka bai wa kyamara a gidan biki an ba shi amanar fuskokin iyali ne. A zaɓe shi kamar yadda ake zaɓen wanda za a bar wa mukullin gida.