Tseren Keke Cikin Taɓo: Agogo Ne Alƙali

Mu dai tseren keke kan kwalta muka sani, irin Tour du Faso. A Beljiyam kuwa, da hunturu ya kama, masu sha'awa kan fita tseren cyclocross cikin taɓo da yashi, wani wurin ma sai mutum ya saɓa kekensa a kafaɗa.

Ba a yanke yawan zagaye tun farko. Alƙalai kan duba lokacin da na gaba ya ci a zagaye biyun farko, su lissafa sauran. Mai agogo ya yi kuskure, an ƙara wa gajiyayyu zagaye ke nan! Ga taɓo yana rufe lambar ɗan tsere. Shi ya sa yanzu ake ɗaura 'yar na'ura mai ƙirga lokaci, amma ƙararrawar zagayen ƙarshe da hannu ake kaɗa ta.