Jin Ɗumi Da Wutar Gas: Makashin Da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, Bahaushe yakan koma ga tsohon abokinsa, wato kaskon gawayi. To, yanzu kasko ya samu ƙane daga Amurka: murhun jin ɗumi na tsakar gida mai aiki da gas, wanda ake ciko cikinsa da tsakuwa, harshen wuta yana tashi ba toka ba hayaƙi. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin shekaru goma na bunƙasa gas a 2021, ya kamata mu san halin wannan baƙo.

Abin lura shi ne, harshenmu yana da sunan gobara, yana da sunan hayaƙi da ƙuna, shi ya sa muke tsoronsu. Amma gubar da masana ke kira kabon monoksaid ba ta da suna a Hausa, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa ne duk lokacin da gawayi ko gas ya ci bai samu wadatacciyar iska ba, kuma jini ya fi kama ta a kan iskar numfashi fiye da sau 200. Alamominta su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya, waɗanda mu a nan za mu ce zazzaɓi ne, mu ƙara jan bargo.

Wutar risho mai kyau shuɗiya ce. Shi kuwa murhun jin ɗumi da gangan aka ƙera shi ya ba da wuta rawaya don ado, wadda konuwarta ba ta cika ba. Saboda haka muhallinsa fili ne. Shigar da shi falo, gareji ko zaure, ko da an buɗe taga, ganganci ne. Hukuncin kaskon gawayi a ɗaki rufe ma ke nan.

A tsakar gidan ma akwai ƙa'ida. A nisanta shi da gini, labule da rumfa da kimanin mita 3. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, nesa da zafi. A shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗai. In kumfa ya taso, to akwai yoyo, kada a gwada da ashana. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yakan kwanta ƙasa ya taru a kwata ko rami. In wutar ta ƙi kamawa, a rufe, a jira minti 5. Kada a zuba jiƙaƙƙun duwatsun rafi, domin ruwan cikinsu yakan sa su fashe.

Sai kuma abin da masu ƙera shi ba su yi lissafinsa ba: suturarmu. Babbar riga, mayafi da hijabin roba, ga iskar hunturu mai kaɗawa, ga yara suna zagaye. Dole babba ya zauna wurin har a kashe, a kuma rufe gas daga kan tukunya. Addini ma ya hore mu da kashe wuta kafin barci.

In mutane biyu ko uku suka yi kukan ciwon kai lokaci guda kusa da wuta, a fitar da su fili nan take, a garzaya asibiti. Ina kira ga gidajen rediyo da malaman harshe su samar wa wannan guba suna da kowa zai gane, domin abin da ba a iya ambata, da wuya a gargaɗi wani a kansa. Allah Ya kiyaye mu.